Tambaya da Amsa: Ɗaukar Hoton Namun Daji a Tsaunukan Gashaka

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowar, dukkansu kan hoton daji da duwatsu. Ta farko ce za ta ci mana fili, domin mai ita yana dab da kashe kuɗin da ya daɗe yana tarawa.

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba. Ni ɗalibi ne a nan Zuru. Shekara biyu ke nan ina ɗaukar hoton duwatsunmu da tsuntsaye da wayata. Na tara 'yan kuɗi daga ƙwadagon gona da na yi da damina, kuma burina in je gandun dajin Gashaka Gumti in ɗauko birin nan mai kama da mutum, in kuma hau dutsen da aka ce babu mai tsawonsa a Nijeriya. Abokaina na cewa asara ce in ba ni da babbar kyamara. In sayi kyamara in fasa tafiya, ko in tafi da wayata? Ɗalibi, daga Zuru.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wasiƙarka ta faranta mini rai, don a shekarun da na yi ina sana'ar hoto a Birnin Kebbi, yawancin yaran da ke zuwa wurina hoton biki da na fasfo suke son koya. Ban cika samun mai tambayar tsuntsu ba.

Bari in fara gaya maka inda kake shirin zuwa. Gashaka Gumti ne gandun daji mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa har ya jingina da iyakar Kamaru. A 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka mai da su na tarayya. Gefen arewa, wato Gumti, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, bai yi nisa da irin dajin da idonka ya saba gani ba. Gefen kudu kuwa wata duniya ce: tsaunuka, kwazazzabai, koguna masu sanyi, da kurmi mai duhu wanda rana ba ta taɓa ƙasansa sosai. Dutsen da kake magana a kai shi ne Chappal Waddi, tsawonsa mita 2,419. Daga nan Kebbi tafiya ce ta kwana da kwanaki, sai ka kai Jalingo, ka bi ta Bali, sannan ka sauka Serti inda ofishin gandun yake. Can za ka biya kuɗin shiga a haɗa ka da ma'aikacin gandu. Kada ka ɗaga ƙafa daga Zuru sai ka yi magana da su ka ji halin hanya da na tsaro a lokacin.

To, ga abin da zuciyarka ba za ta so ji ba. Buri biyu ka haɗa a tafiya guda, kuma kowannensu tafiya ce mai zaman kanta. Hawan Chappal Waddi kwanaki ake yi a ƙafa, da 'yan dako da guzuri da wurin kwana. Wanda ke haki a kan gangare, kaya a bayansa, ba ya ɗaukar hoton dabba. Shi kuma cimfanzi, birin da kake nema, ba ya zama yana jiran baƙo. A cikin kurmi yake, wajen Kwano inda masu bincike suka yi shekaru suna bibiyarsa, kuma su kansu sau da yawa sheƙar da ya kwana a kan itace suke tararwa, ko su jiyo ihunsa daga wani kwari. Ni da na je, kwana biyar na yi. Na ji kukansu sau biyu da sassafe, na ga sheƙa, ban sa su a ido ba. Da shi kaɗai na je nema, da na dawo da baƙin ciki.

Abin da na dawo da shi daban ne, kuma har yau shi nake nuna wa mutane. Ran kwana na uku ma'aikacin da ke tare da ni, wani dattijo ɗan yankin, ya ce mu daina yawo. Ya kai ni bakin kogi bayan sallar asuba, ya nuna mini sawu a yashi, ya sa muka zauna a bayan wani dutse ta yadda iska ke busowa daga wajen ruwan zuwa gare mu, don kada ta kai musu warinmu. Muka zauna har ƙafata ta yi sanyi. Da rana ta fara leƙowa sai ga garken gwaggon biri sun sauko, uwa da ɗa maƙale a cikinta. Bayansu mazo ya fito shi kaɗai, ya tsaya yana kaɗa kunne, hasken safiya ya sauka kan jan jikinsa da fararen zanen nan. Bai fi taku talatin tsakaninmu ba. Kwana biyun farko da na yi ina bin dabbobi, babu abin da na ɗauko sai bayansu suna shigewa ciyawa.

Shi ya sa nake ganin abokanka sun kama rabin gaskiya ne kawai. Waya tana da iyaka, wannan haka ne. Zuƙowar da kake yi da yatsu biyu a yawancin wayoyi ba ta kusanto da komai, yanko tsakiyar hoton kawai take yi ta buɗa shi, shi ya sa tsuntsu ke fitowa kamar an shafa masa toka. A cikin kurmi kuma haske ya yi ƙaranci, waya sai ta jinkirta ƙiftawa, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, dabba na motsawa hoto ya dagule. Amma a hoton tsauni da kwari da kogi da gajimare, wayar zamani tana aikin da ba za ka ji kunyar nuna shi ba. Kuma babbar kyamara a hannun wanda bai san lokacin da mazo ke zuwa ruwa ba, nauyi ce kawai a wuya.

Shawarata ita ce ka jinkirta tafiyar shekara guda. Ka nemi kyamara ta hannu, Canon ko Nikon tsohuwar yayi, wadda ake cire wa gilashi, tare da gilashi mai zuƙowa daga milimita 70 zuwa 300. Kada ka biya sai ka haska tocila cikin gilashin ka tabbata babu fumfuna, ka kuma ɗauki hoton farin bango ka duba ko akwai ɗigo-ɗigo. Sannan ka mai da fadamar da ke kusa da kai makaranta. Balbela a bayan shanu, zalɓe a bakin tafki, cilakowa a kan marke, shirwa tana shawagi a kan mahauta, shamuwa idan ta iso da farkon damina. A kansu za ka koyi cewa tsuntsu a sama yana son ƙiftawar da ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa, dabba mai tafiya kuma kashi ɗaya cikin 500 ya wadatar. A kansu za ka koyi sa ido a kan idon dabbar, domin in ido ya fito tar, mai kallo yana yafe sauran. Za ka kuma koyi durƙusawa. Hoton da aka ɗauka daga tsaye yana ƙasƙantar da dabba, wanda aka ɗauka daidai tsayinta kuwa sai ka ji kamar za ta yi magana. Je ka wajen mafarautan unguwarku ka zauna da su, duk da ba harbi za ka yi ba. Sanin iska da sawu da kashi da suke da shi babu littafin hoton da zai ba ka.

In Allah ya kai mu lokacin tafiyar, ka nufi ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba. Da damina koguna kan cika su yanke hanya. In kuma hunturu ya kankama, hazo zai rufe maka tsaunukan. Dabbobi sun fi taruwa a bakin ruwa can cikin rani, wajen Fabrairu da Maris, don haka sai ka zaɓi wanda ka fi so, tsauni ko dabba. Ka tafi da batir biyu ko uku, don sanyin kan tudu na shanye caji da wuri, ka riƙa kwana da su cikin aljihunka. Ka guji baƙar riga da shuɗiya mai duhu, ƙudan tsando na bin su, ka sa mai ruwan ƙasa ko kore. A cikin kurmi kada ka ji tsoron ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a wuri mai duhu, zuwa 1600 ko 3200, hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa ya fi wanda ya dagule. Ka kashe fitilar kyamara gaba ɗaya. In kana mura kada ka shiga inda cimfanzi yake, domin cutar numfashi ta ɗan Adam tana kama shi, tana ma iya kashe shi. Kada ka jefa wa biri abinci don ya matso. A kan tudu kuma za ka tarar da rugagen Fulani, ka yi sallama ka gaisa, ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara wajen mutum ko shanunsa, kamar yadda za ka so a yi a ƙofar gidanku. Abin da ma'aikacin gandu ya ce, shi ke nan. In ya ce a koma, a koma.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Gusau. Duk lokacin da muka wuce Kwatarkwashi sai na ɗauki hoton dutsen, amma in na duba sai in ga ya fito ƙarami, fari fat, babu kwarjinin da nake gani da idona. Ina matsalar take? Malama, daga Gusau.

Amsa: Malama, ina kyautata zaton da tsakar rana kike ɗauka, kuma daga cikin mota. Idan rana na tsaka, haskenta na sauka kai tsaye, babu inuwar da za ta fito da tsagogin dutse da kusurwoyinsa, sai ya zama kamar bango. Ki gwada da safe kafin ƙarfe takwas, ko da la'asar sakaliya, rana na gefenki, ba a gabanki ba. A lokacin dutsen kan yi ja-ja, kowane lungu nasa ya bayyana. In kin saita, ki taɓa sararin sama a fuskar wayar ki ɗan ja hasken ƙasa, farin nan zai ragu. Ki kuma goge gilashin da gefen mayafinki, maiƙon yatsa kaɗai na sa hoto ya yi hazo.

Ƙanƙantar kuwa daga rashin ma'auni take. Ido ya san girman dutse ne saboda yana ganin abin da ke gindinsa. Ki sa wani abu a gaba: kuka, rumbu, mai keke, ko zangarniyar gero in kaka ce. Da zarar mai kallo ya ga rumbu ya zama ɗan mitsitsi a ƙarƙashin dutsen, kwarjinin ya dawo. Ranar da ta fi kowace kyau ita ce washegarin ruwan sama, iska ta wanke, gajimare na yawo.

Magana ɗaya zan ƙara, kuma da nauyin zuciya nake yin ta. Ki tsaya a cikin gari ko bakin titi inda mutane suke, ki gaya wa na wurin abin da kike yi. Halin da dazukanmu ke ciki ba ɓoyayye ba ne. Dajin Kuyambana da na Kamuku, waɗanda da su ne za su zama makarantar yaranmu masu son wannan aiki, yau ba wurin shiga ba ne. Baƙon da aka gani yana ɗaga waya a bayan gari ana iya ɗaukarsa infoma, ta kowane ɓangare. Ina roƙon duk mai karanta wannan fili daga Zamfara da kudancin Kebbi ya riƙe wannan.

Tambaya: Yallaɓai, a nan Yauri masunta na yawan ganin dorina. Ina so in shiga kwalekwale in matsa kusa in ɗauke ta. Wane lokaci ya fi? Ma'aikacin gwamnati, daga Yauri.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka matsa. Dorina na kifar da kwalekwale, musamman uwa mai ɗa, kuma mutanen bakin Neja sun fi ni sanin rayukan da aka rasa ta haka. Hammar da take yi, wadda masu hoto ke kwaɗayi, gargaɗi ne take yi maka. Daga tudu ake ɗaukarta, da gilashi mai zuƙowa. Ka tambayi Sarkin Ruwa ko tsofaffin masunta inda take yini, ka sami gaɓa mai tsayi, ka zauna tun la'asar. Da rana a ruwa take, hanci da kunne kawai za ka gani, sai almuru take fitowa kiwo. Ka duba ƙasa kafin ka zauna: in ka ga faffaɗar turba mai sawu manya ta fito daga ruwa ta nufi gonaki, hanyarta ce, ka koma gefe da nisa, kuma ka bar wurin kafin duhu ya rufa.