Amsoshin Tambayoyinku: Me Ɗalibi Mai Lalura Zai Fara Saya Kafin a Koma Makaranta?

Wasiƙu huɗu na zaɓa a wannan mako, dukkansu daga garin Sakkwato da kewayensa, kuma dukkansu a kan ɗaliban jami'a masu lalurar gani ko ji ko tafiya ko sikila. Na taƙaita tambayoyin, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Ta farko daga wani saurayi ce a unguwar Gwiwa: "Malam, ni makaho ne. Na yi karatu a makarantar masu buƙata ta musamman ta A.A. Raji, yanzu kuma na samu gurbin karanta Tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. 'Yan uwa sun haɗa mini naira 250,000. Wasu sun ce in sayi babbar waya, wasu sun ce kwamfuta, wani malamina kuma ya ce injin buga rubutun makafi. Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, Allah ya sanya albarka a wannan karatu, ya kuma saka wa 'yan uwanka da alheri. Shawarata ita ce ka fara lissafinka daga zauren jarrabawa, sannan ka dawo baya. Malamin da zai duba takardarka a jami'a, a mafi yawan lokuta, bai san rubutun makafi ba, don haka duk abin da ka buga da injin rubutun makafi na Perkins sai an nemo wanda zai mayar da shi rubutun boko kafin a ba ka maki. Injin yana da inganci kuma yana daɗewa, amma nauyinsa ya haura kilo 4, yana da ƙara a cikin aji, takardarsa kuma tana cin kuɗi. Ka riƙe ɗan allonka da tsinken da ka saba rubutu da su don gajerun bayanai, ka sa kuɗin a kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, domin ita kaɗai ce za ka rubuta abu da ita da kanka, malami ya karanta shi da idonsa ba tare da ɗan tsakiya ba.

Idan za ka je saye, ka tafi da wanda ya san kwamfuta kuma ka yarda da amanarsa. Kyan allonta ba ya cikin damuwarka, saboda haka kada a ƙara maka kuɗi a kansa. Abin dubawa shi ne ƙarfin batiri, da lafiyar madannai ɗaya bayan ɗaya, da ramin saka abin sauraro na kunne, sannan ta kasance mai Windows. Ka sa a cire ta daga wuta a gabanka, ku zauna ku ga yadda cajinta yake sauka, domin ɗalibin da karatunsa ya dogara da na'ura, ɗauke wuta a gare shi daidai yake da rufe littafi. Manhajar da za ta riƙa karanta maka abin da ke kan allo, NVDA, kyauta ce, wata ƙungiya ce a Ostireliya take samar da ita, har ma ana iya ɗora ta a filas a yi aiki da ita a kan kwamfutar wani. Akwai JAWS, wadda ita ma ta shahara, amma ta kuɗi ce, kuma ba ka buƙatarta a yanzu. Abin da ya rage ka sayi batirin ajiyar caji da ƙaramar waya ta Android, wadda TalkBack, manhajar da ke karanta allon waya da murya, yake zuwa a cikinta, ka kuma sa mata manhajar Lookout don karanta takardar da aka miƙo maka.

Kafin a koma makaranta, ka ba wa madannai awa guda kullum har yatsunka su san gidajensu. Haruffan F da J suna da ɗan tudu, daga nan ake kafa hannu. Na nanata wannan ne saboda na ga ɗalibi mai ilimi a kai da lokaci ya ƙare masa a jarrabawa yana laluben harafi, kuma abin ya daɗe yana damuna.

Akwai tarko guda da nake so ka sani tun yanzu, wato ɗaukar muryar lakca. Da izinin malami abu ne mai kyau, amma lakcar awa biyu awa biyu take ci wajen saurare, kuma wanda ya tara sauti tun farkon zango zai wayi gari ana saura mako guda jarrabawa da abin da wata guda ba zai ishe shi saurare ba. Ka saurara a daren ranar, ka rubuta taƙaitawarka da kalmominka, kashegari ka karanto ta da ka kafin ka buɗe, bayan kwana uku ka sake, bayan mako ka sake. Wannan ba baƙon abu ba ne a garin da mahaddata suke tashi da asuba suna tilawa, kuma masu binciken ƙwaƙwalwa tun daga Bajamushe Ebbinghaus a 1885 sun nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a kwanakin farko idan ba a yi masa bita ba. Ka kuma roƙi malamai su ba ka darasi a rubutun kwamfuta maimakon hoton takarda, don manhajar ta fi karanta shi daidai. Idan wani ya ji tsoron haƙƙin mallaka, ka sanar da shi cikin ladabi cewa Najeriya ta amince da yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda ta ba da damar mayar da littattafai sigar da makafi za su iya karantawa.

Abu na ƙarshe ba ya cin ko sisi, amma ya fi kwamfutar nauyi. A makonni biyun farko ka rubuta wa shugaban sashenku takarda, ka haɗa da shaidar likita, ka faɗi yadda kake son rubuta jarrabawa, da kwamfuta ko da mai rubuta maka, da ƙarin lokacin da kake buƙata, ka kai kwafi ga jami'in jarrabawa, ka ajiye naka da hatimin karɓa. Hukumar JAMB ta ware wa makafi tsarinsu tun 2017, amma a jami'a kai ne za ka fara ƙwanƙwasa ƙofa, kuma alkawarin baki yakan tafi tare da wanda ya yi shi idan aka canja masa ofis.

Wasiƙa ta biyu daga wani uba ce a Mabera: "'Yata tana da shan-inna, da sanduna take tafiya, kuma ta samu gurbi a mazaunin jami'a na dindindin. In saya mata keken asibiti ne ko keken guragu mai ƙafa uku? Sannan ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ko ta riƙa zuwa daga gida?"

Alhaji, Allah ya saka maka da wannan tsayuwa da ka yi mata. Kada ka sayi keken da ake tura majinyaci da shi a asibiti, domin an ƙera shi ne don siminti da ɗan gajeren zama, kuma ƙananan ƙafafunsa na gaba suna nutsewa a yashi. Mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu ya fi cin nisa, maƙeranmu sun iya gyaransa, kayansa kuma na keke ne da ake samu a kowace kasuwa, sai dai ba ya shiga aji ko laburare. Tun da tana iya amfani da sanduna, ka haɗa mata biyun: keke ya kai ta ƙofa, sanduna su shigar da ita. Amma kafin ka biya, ka kai ta sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa a auna ta, saboda kujerar da ba ta dace da jiki ba tana karkata baya, zama mai tsawo ba tare da matashi mai kyau ba kuma yana iya jawo gyambo, musamman a zafin watan Afrilu da yakan haura digiri 40.

Batun kwana kuwa, na fi karkata ga ɗakin ɗalibai, in har za a ba ta na ƙasa kusa da banɗaki. Daga Mabera zuwa wajen Dundaye, inda mazaunin jami'ar yake, tafiya ce, ga turereniyar shiga mota safe da yamma, kuma ƙarfin da za ta ƙarar a hanya shi ne wanda za ta yi karatun dare da shi. Ku je tare da ita ku ga ɗakin, ku bi hanyar da za ta riƙa bi, ku ƙirga matakala, sannan ka bar ta ta yi wa jami'an magana da bakinta kana gefe. Dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga, wa'adin kuma ya cika, don haka neman a sauko da darasi daga bene haƙƙinta ne.

Ta uku gajeriya ce, daga wata ɗaliba da jinta yake raguwa, tana tambaya ko ta sayi abin ƙara ji da ta gani a kasuwa da araha. 'Yata, kada ki saya. Irin wannan yakan ƙara kowane sauti ne gaba ɗaya, har da ƙarar fanka da surutun bayan aji. Ki je sashen kunne da hanci da maƙogwaro a yi miki gwajin ji, domin wani lokaci matsalar tana da magani, idan kuma na'ura ce to a saita ta daidai da kunnenki. Kafin nan ki zauna a sahun gaba inda kike ganin bakin malami, ki karanta darasi kafin a shiga aji.

Ta huɗu ita ta fi taɓa zuciyata. Ɗalibi ne mai sikila a aji biyu, ciwo ya kwantar da shi lokacin jarrabawa, ya faɗi kwas biyu, yanzu yana tunanin barin karatu ya buɗe rumfar POS da kuɗin rajista. Ɗana, sana'a ba abin raini ba ce, amma kada ka yanke wannan hukunci a makon da sakamako ya fito, zuciya tana zafi. Faɗuwa kwas biyu ba ta cika korar ɗalibi daga jami'a ba. Ka je wurin malamin da ke kula da ajinku ka tambayi mafi ƙarancin kwasa-kwasan da aka yarda a yi wa rajista, ka rage kaya a zango mai zuwa, ka dage da gwaje-gwajen cikin zango don su tallafe ka idan jarrabawa ta zo da ciwo. Duk ranar da aka kwantar da kai, a kai takardar asibiti sashenku a makon, ba sai an manna sakamako ba. Idan jiki ya ƙi, akwai jingine karatu na shekara a rubuce, wanda yake bar maka gurbinka. In kuɗi ne ya fi damunka, asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da aka buɗe a 2024 ba ya ɗora ruwa, kuma ba a fara biya sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ka nemi abokai biyu ko uku ku riƙa bita tare, ka ɗauki kwas ɗin da ka fi iyawa kai ne mai koya musu shi, su kuma su riƙe maka darasin ranar da ba ka zo ba. Ka sake rubuto mini bayan ka gana da malamin ajinku, ka faɗa mini kwas nawa ya ce za ka iya ɗauka.