Filin Tambayoyinku: Wai kitsen da ke cikin allurar korona shi zai warkar da sikila?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Dan Allah ina da yarinya 'yar shekara 9 mai sikila, wannan sanyin da ya wuce sau biyu ana kwantar da mu har da ƙarin jini. To ƙanin mijina ne ya ce ya ji wai wani kitse da aka sa a allurar korona, da shi turawa za su riƙa gyara jinin masu sikila da allura ɗaya a wuce wajen. Ni kuma da can cewa aka yi mana na'ura ce aka ɓoye a cikin allurar. Wanne ne gaskiya? Kuma in akwai maganin ina ake samu? Daga wata uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yarinya lafiya ya saka miki da alheri kan jinyar nan, duk wanda ya taɓa kwana a gefen gadon mai sikila yana danna mata ƙafa har asuba ya san abin da kike sha.

Maganar na'ura dai ki ajiye ta, babu ita. Kitse ne da gaske a allurar Pfizer da ta Moderna, ƙananan ƙwayoyin kitse da girman kowacce bai wuce nanomita 100 ba, wato sai kin jera kusan dubu kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Aikinsu ɗaukar kaya ne kawai. Kin ga yadda ake naɗe goro a huhu da ganye saboda in an bar shi a fili kafin ya iso daga kurmi ya bushe? To haka mRNA yake, wannan saƙon da ke cikin allurar, mai gaya wa ƙwayoyin jiki irin furotin ɗin da za su ƙera, in aka zuba shi tsirara a jini nan da nan jiki zai daddatse shi, ko da ma ya tsira ba zai iya ratsa fatar ƙwayar jiki ya shiga ba. Shi ya sa ake masa huhu da kitse.

Kitse iri huɗu ake haɗawa. Akwai kolestarol irin wanda ke jikinki da jikina, akwai wani mai riƙe bangon ƙunshin, akwai mai ɗauke da wani sinadari da ake kira PEG da ke hana su cuɗewa su zama gudaji a kwalba. Na huɗun shi ne gwanin, kuma shi ya ci wa masana shekaru, irin su Pieter Cullis na jami'ar British Columbia a Kanada. A cikin jini lafiya lau yake tafiya ba ruwansa da kowa, amma da zarar ƙwayar jiki ta haɗiye ƙunshin ta sa shi a wata 'yar jaka mai tsami sai ya ɗauki caji, ya yaga jakar, saƙon ya fito. Ko a hakan ma kaɗan ne ke fita, mafi yawa a jakar yake lalacewa.

Kuma ba da korona aka fara ba. Tun 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin kansa da aka naɗe a kitse, sai a 2018 aka amince da Onpattro, na farko da ya ɗauki saƙon gado a irin wannan ƙunshin, ana ba da shi ta ƙarin ruwa duk sati uku ga masu wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. Allurar Pfizer da ta Moderna a Disambar 2020 suka biyo baya.

Yanzu ga inda ƙanin mijinki ya yi gaskiya da inda ya yi gaggawa. Eh ana iya saka almakashin gyaran ƙwayoyin gado, wanda ake kira CRISPR, a cikin wannan kitsen a tura shi jiki, an ma yi. A 2025 likitoci a birnin Filadelfiya na Amurka suka yi wa wani jariri ɗan watanni da aka haifa da cutar da ke tara masa gubar amoniya a jini, suka haɗa masa magani nasa shi kaɗai, ya samu sauƙi har aka rage masa sauran magunguna. Amma ki lura, ciwonsa a hanta yake. Onpattro ma hanta yake zuwa. Dalili kuwa da zarar kitsen ya shiga jini akwai wani furotin namu mai suna ApoE da ke manne masa, ita kuma hanta aikinta ke nan kullum kwashe kitse mai wannan tambarin, sai ta ɗauka abincinta ne ta janye kusan duka. Ga mai ciwon hanta wannan sa'a ce babba.

Sikila kuma tushenta a ɓargo yake, can cikin ƙashi inda ake ƙera jini, kuma uwayen ƙwayoyin jinin da ake son gyarawa 'yan kaɗan ne, a ɓoye suke, yawancinsu ma a kwance suke ba sa motsi. Kai musu saƙo ba tare da hanta ta tare shi a hanya ba shi ne abin da ake ta fama da shi. A 2023 masu bincike a jami'ar Pennsylvania sun liƙa wa ƙunshin wani abu mai gane waɗannan ƙwayoyin ya kuma yi aiki, amma a jikin ɓeraye da ƙwayoyin jini a ɗakin gwaji. Daga ɓera zuwa yarinyarki akwai tafiya, ba zan ɓoye miki ba.

Wanda aka amince da shi na gyaran gado ga masu sikila sunansa Casgevy, Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, kuma ba ta wannan kitsen ake yinsa ba. Fito da ƙwayoyin ɓargon ake yi a gyara su a waje, a ba mara lafiya maganin kansa mai ƙarfi ya share tsohon ɓargo, sannan a mayar masa, ya yi makonni a asibiti, ga haɗarin rasa haihuwa. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan adadin na kuma tuna babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu sikila sai raina ya ɓaci. Shi ya sa ni kaina nake bin labarin kitsen nan, domin in ya yi nasara allura ce ko ƙarin ruwa da asibitin koyarwa irin na Shika zai iya bayarwa, ba sai an fita waje ba.

Saboda haka duk wanda ya zo miki da kwalba ko ya turo miki lamba a WhatsApp ya ce yana da maganin nano na sikila, kar ki ba shi ko sisi, babu shi a kasuwa. Abin da ke hannu yanzu ki riƙe shi da kyau: folik asid kullum, maganin kariya daga maleriya da gidan sauro, ruwa da yawa, rigar sanyi da safa lokacin hunturu, wanka da ruwan ɗumi. Tunda sau biyu aka kwantar da ita a sanyi ɗaya, ranar kilinik ki tambayi likitanta ko ta dace da haidroksiyuriya, yana rage yawan tashin ciwon da buƙatar ƙarin jini, amma sai da gwajin jini akai-akai ake shansa, kar ki saya a kemis da kanki. Ki kuma tambaya ko suna yin hoton jijiyoyin kai da ake wa yara masu sikila don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki, shekarunta daidai lokacin yinsa ne.