Tarakta ta ƙi tashi, bakanike ya ce famfo ne: in biya daga jarin masara?

Wata Hajiya mai sana'ar masara a Aboabo, nan Kumasi, ta aiko da tambaya. Tana da tsohuwar tarakta Massey Ferguson da take ba da haya a Ejura lokacin huɗa. Taraktar ta ƙi tashi, bakaniken da direba ya kira ya ce famfon injekta, wato wanda ke tura man dizal da ƙarfi cikin inji, ya mutu, sai an sa wani. Kuɗin da ya faɗa ba za su fito ba sai ta taɓa jarin masara. Ta biya ne, ko ta sayar ta huta?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Kada ki biya tukuna, kada kuma ki sayar. Famfon injekta yana cikin mafi tsada a jikin injin, kuma ba shi ake fara tuhuma ba. Bakaniken da ya yanke masa hukunci bai kwance ko filta ba, hasashe yake yi da kuɗinki.

Injin dizal ba shi da fulogi irin na motar fetur. Matse iska yake yi har ta yi zafi, man da aka fesa ya kama da kansa. Abu uku yake nema: inji ya juya da ƙarfi, mai ya iso ba iska a cikin layinsa, matsi ya ishe shi. Ko a waya za ki iya sa direba ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ki tambaye shi, in ya murɗa makulli me yake ji? In shiru ne ɗif, ya duba ƙaramar sandar giya, domin yawancin tsofaffin Massey ba sa amsa makulli sai an mayar da ita tsakiya. In ƙas-ƙas take yi ba ta juyawa, batir ne, ko kan batir da ya yi farin gari, ko wayar da ke ɗaure da jikin tarakta ta saki. Batir mai lafiya yana nuna kusan bolt 12.6 a zaune. In ya faɗi ƙasa da 10 lokacin da ake tayarwa, ya gaji. Ki kuma yi masa wata tambaya: tun yaushe yake ajiye ta a kan gangare da dare? Direbobi da yawa haka suke yi don su gangara ta ta tashi da safe, mai tarakta na Kumasi bai san batir ya daɗe da mutuwa ba.

In tana juyawa da kyau amma ba ta kamawa, ya kalli bututun hayaƙi. Babu hayaƙi ko kaɗan, mai ba ya isowa. Nan sai a duba ko sandar kashe inji ta koma ciki sosai, ko filta ta toshe, ko ruwa ya kwanta a gindinta, abin da ya zama ruwan dare ga man da ake ɗiba daga duro a ƙauye. In kuwa direba ya bari tanki ya ƙafe a gona, iska ce ta shiga layi. Sai a sassauta noti a kan filta da jikin famfo, a yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ya ƙare mai ya fito zalla. Wannan aikin sifana ɗaya ne. Farin hayaƙi kuma yana nufin mai ya iso amma bai kama ba, a duba hita mai ɗumama iskar da ke shiga inji, da nozul masu fesa mai.

Sai an wuce duk wannan a zo kan famfo. Ko a nan ma, a kwance shi a kawo Suame Magazine, unguwar bakanikai ta Kumasi, wajen masu gwada famfo a kan na'ura, ki tura yaronki ya tsaya a gwada a gabansa. Sau da yawa gyara yake karɓa. Ki raba kuɗin bincike da kuɗin gyara, kuma duk abin da aka canja a dawo miki da tsohon.

Batun sayarwa, taraktar da ba ta tashi kuɗin ƙarfe ake taya ta. Ko kin ƙudurta rabuwa da ita, ki tayar da ita tukuna.

Inda zan ce ki tsaya ki yi lissafi shi ne in aka tarar matsi ne ya tafi: tana shan baƙin mai, tana shuɗin hayaƙi, da safe sai an ja ta. Wannan sai an buɗe inji. Ki ƙirga eka nawa za ta iya huɗawa a sauran damina, ki haɗa da damina ta biyu da Ejura ke samu wajen Satumba, ki cire mai da rabon direba. In abin da ya rage bai biya gyaran ba, kada jarin masara ya shiga, don da kaka za ki neme shi lokacin da buhu ke araha. In ya biya, ki rubuta shi bashi a kan taraktar, a riƙa cirewa daga kuɗin kowace eka har ya dawo.