Tambaya da Amsa: Wa ya ɓoye min saƙona a Spam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, dan Allah ina da tambaya kuma abin ya ƙona min rai sosai. Na nemi aiki a wani kamfani tun watan jiya, kullum sai na duba imel ɗina shiru kake ji har na cire rai, shekaranjiya ƙanena ya karɓi wayata yana danne-danne sai ya shiga wani wuri wai shi Spam, wallahi sai ga saƙon gayyatar intabiyu kwance a ciki kwana 11 da turowa, ranar ma ta wuce. Shin wani ne ya shiga akawun ɗina ya ɓoye min, ko kamfanin ne suka yi da gangan?
Daga wata 'yar'uwa a Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya musanya miki da wanda ya fi shi alheri. Ki kwantar da hankalinki, da wuya ace wani ne ya shiga akawun ɗinki, kuma kamfanin ba su da ikon zaɓar inda saƙo zai sauka a wayarki. Akwai manhaja a cikin imel ɗin kanta wadda aikinta tankaɗe saƙonni kamar rariya, gari ya wuce zuwa inbos tsaki ya tafi Spam. To kin san rariya, wani lokacin sai ta riƙe gari mai kyau.

Ba mutum bane zaune yana karantawa, lissafi ne. Tana duba daga ina saƙon ya taso, ko uwar garken, wato babbar kwamfutar da ta turo shi, tana da shaidar cewa da gaske ta kamfanin ce, wane irin kalmomi da linki ne a ciki, mutum nawa ne suka taɓa kai ƙarar irinsa. Dabarar ƙirga kalmomin nan ta yi suna ne tun 2002 da wani mai suna Paul Graham ya yi rubutu a kanta, ma'ana idan kalma ta yawaita a saƙonnin da mutane suka yi tir da su to duk saƙon da ya zo da ita sai a fara zarginsa. Yanzu ki duba naki, na tabbata ya fara da taya murna an zaɓe ki, ga linki ki danna, wataƙila har da fayil a maƙale. Haka sak 'yan damfarar aikin bogi suke rubuta nasu. Ƙari a kan haka ƙananan kamfanoni da yawa ba su saita shaidar imel ɗinsu yadda ya kamata ba, gashi tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsaurara ƙa'ida, musamman ga masu tura saƙo 5,000 ko fiye a rana. Google suna cewa suna tare sama da kashi 99.9 cikin ɗari na tarkacen saƙo, na yarda suna ƙoƙari, amma wanda nasa ya faɗa a kuskuren ba ruwansa da wannan lissafin.

Idan Gmail kike amfani da shi, ki taɓa layuka ukun nan na sama ta hagu, ki gangara ƙasa zaki ga Spam. Ki buɗe saƙon ki danna inda aka rubuta “Report not spam”, zai koma inbos kuma manhajar ta koyi darasi, sannan ki ajiye adireshinsu cikin lambobinki. Abu biyu da mutane basu sani ba, duk abin da ya kwana 30 a Spam goge shi ake yi ba sallama, kuma idan kika yi bincike a akwatin nema na sama baya leƙawa can sai kin rubuta in:anywhere kafin sunan kamfanin. Ni duk Juma'a nake leƙa nawa. Kuma dan Allah ki rubuta musu yau ɗin nan ki faɗi gaskiyar abin da ya faru, ba ke kaɗai hakan ta taɓa samu ba, wani lokacin ana yin zagaye na biyu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Yarona ya nuna min Spam ɗin nan na tarar da saƙo sama da ɗari, har da na banki wai za a rufe min asusu idan ban sabunta BVN ba. In maido su duka ne? Kuma wai me kalmar take nufi?
Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano

AMSA: A'a Alhaji, ka rufa mana asiri kar ka maido! A nan rariyar ta yi aikinta daidai. Wannan 'yan 419 ne, banki baya neman BVN ko lambar sirrin kati ko OTP ta imel. Ka taɓa sunan mai turowa ka ga cikakken adireshin, zaka ga sunan banki a sama amma ƙasa wasu haruffa ne barkatai. Kar ka danna komai a ciki, har wurin da suka ce danna nan a daina turo maka, don dannawar ce ke shaida musu akwai mai rai a akwatin. Wanda zaka maido shi ne wanda ka san mai shi kuma kana jiransa, kamar takardar kaya daga dilanka. Idan zuciyarka bata kwanta ba ka taka zuwa reshen bankin da ƙafarka.

Sunan kuwa Alhaji sai ka yi haƙuri, asalinsa naman alade ne na gwangwani da kamfanin Hormel na Amurka ya fara sayarwa a 1937. A 1970 aka yi wani wasan barkwanci a talabijin ɗin Ingila inda kusan duk abincin da ke gidan cin abincin sai an cusa Spam a ciki ko kana so ko baka so, daga nan 'yan kwamfuta suka ari sunan.