Akurkin Inna a Maraɗi: fitilar awa biyu da rabi ta isa

Wasiƙar wannan makon ta fito daga wani ƙanenmu ɗan Maraɗi da ke aikin gonar kaji a yammacin Faransa. Bara ya tura kuɗi aka gina wa mahaifiyarsa akurki a bayan gida, aka zuba kajin turawa masu ƙwai guda 30, don ta riƙa samun na cefane ba sai ta jira saƙonsa ba. Gidan yana sabuwar unguwa, kuran, wato wutar lantarki, bai iso ba. Tun shigowar hunturu ƙwan ya ragu, daga 24 a rana ya koma 15. A inda yake aiki yana ganin fitilu a ɗakin kaji dare da asuba, shi ya sa yake zargin duhu. Ƙanensa da ke gida ya ce a sayi babban farantin sola da babban batir. Shi kuma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, har yana tunanin ya zo da kansa, alhali takardar zamansa ba ta fito ba, rasit ɗin jira kawai ke hannunsa.

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da wannan tunani da ka yi wa Inna. Bari in fara da maganar tafiya, don ita ce mai hatsari. Idan rasit ɗin nan na neman katin zama karo na farko ne, kada ka fita Faransa da shi. Irinsa ba ya ba ka damar komawa sai da sabuwar biza, kuma ka san ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024. Na sabuntawa, wanda ake haɗawa da tsohon kati, shi hukuncinsa daban. Karanta abin da aka rubuta a jikin naka, ka nuna wa ƙungiyar da ke taimakon baƙi a garinku. Kaji 30 ba su kai ka saka shekarun wahalarka a caca ba, kuma abin da akurkin ke buƙata ana iya yin sa daga inda kake.

Zargin da kake wa duhu yana da tushe. Tsawon yini ne ke gaya wa jikin kaza lokacin yin ƙwai ya yi. Kazar turawa mai ƙwai tana son haske na awa 14 zuwa 16 a kowace rana kafin ta yi iya ƙoƙarinta. Amma ka lura da bambancin ƙasar da kake da ƙasar da kajin suke. A arewacin Faransa yinin Disamba da kaɗan ya wuce awa 8, saboda haka dole manomi ya cike gibin awa 6 zuwa 8 da fitila. A Maraɗi yini mafi gajarta, shi ma a Disamba, ya haura awa 11, mafi tsawo kuma a Yuni ya kusa 13. Gibinmu zuwa awa 14 ke nan bai wuce awa uku ba. Abin da ka gani a wurin aiki an yi shi ne don sanyin Turai da kaji dubbai. Idan ka kwafo shi kai tsaye zuwa bayan ɗakin Inna, kuɗinka za su tafi a kan abin da kajin ba su nema ba.

Hasken ma ba mai ƙarfi suke so ba. Ma'aunin masu kiwo mai sauƙi ne: mutum ya tsuguna daidai tsayin kaza da takarda a hannu, in yana iya karanta rubutun, ya wadatar. Ga akurkin kaji 30, ampul, wato ƙwan fitila, ɗaya na LED mai wat 5, ko biyu masu wat 3, a rataye sama da tsayin mutum a saitin mazubin abinci da na ruwa. A nemi mai haske ja-ja kamar na hantsi, ya fi farin nan mai kashe ido. Haske in ya yi yawa kaji sukan fusata, su shiga tsattsagar juna har jini.

Yanzu lissafi, ka riƙe shi don da shi za ka yi magana da ƙanenka. Ampul mai wat 5 in ya ci awa 3, ya sha wat 15 na awa. Ko ka ninka shi biyu, 30 ne. Ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 na awa yana ɗaukar wat 84 na awa, ana amfani da rabinsa kawai don kada ya mutu da wuri, saura 42. Ya isa. Farantin sola, wanda 'yan kasuwa ke kira panno, mai wat 20 zai cika wannan batir a yini guda da ranar Maraɗi, har da ragi. Sai ƙaramin regilatar da ke tsakanin faranti da batir, wanda ke hana caji wuce kima, da 'yar waya, da makunni. Ba a buƙatar na'urar juya wuta zuwa irin ta kuran, domin akwai ampul mai bolt 12 da ke cin wutar batir kai tsaye. Duk waɗannan ana samun su wurin masu kayan sola a babbar kasuwa.

Lokacin kunnawa shi ne wurin da na fi ganin mutane suna kuskure. Da yawa sukan kunna bayan magariba su kashe in za su kwanta. Kaza ba ta gani a duhu. In aka ɗauke mata haske farat ɗaya tana tsakiyar ci, nan za ta tsaya cak, ba ta hau sandar kwana ba, wasu su tattaru a kusurwa su danne juna. Ka bar musu magaribarsu yadda Allah ya yi ta, rana na faɗuwa sannu-sannu suna hawa da kansu. Ƙarin a yi shi da asuba: a kunna ƙarfe 4:30, a kashe in gari ya waye sosai. A Disamba wannan zai ba su kusan awa 14 har faɗuwar rana, a Yuni ya ɗan haura. Akwai wata riba kuma. In bazara ta zo, Afrilu da Mayu zafi ya wuce digiri 40, kaza takan ƙi cin abinci da rana. Sanyin asubar nan ne lokacin da za ta cika cikinta, don haka a tabbata abinci da ruwa suna nan tun dare.

Kada a fara da 4:30 rana ɗaya. Makon farko a kunna rabin awa kafin wayewar gari, mako na biyu awa ɗaya, haka har a kai. Idan an kai kuma, kada a yi wasa da shi. Kunnawa yau, mantawa gobe da jibi, ya fi rashin fitilar gaba ɗaya illa, don jikin kaza yakan ɗauka yini ya gajarta, ta tsayar da ƙwai, wata ma ta fara zubar da gashi. Shi ya sa nake son ka tambayi kanka wa zai kunna. In Inna tana tashi tun kiran farko, a sa makunnin a bakin ƙofar ɗakinta, ba a jikin akurki ba, kada tsohuwa ta riƙa taka duhu cikin sanyi. In ba haka ba, a nemi ɗan agogon nan mai bolt 12 da ke kunnawa da kashewa da kansa. Yaron gida da ya yi alkawarin tashi kullum, ni dai ban cika sakankancewa da shi ba bayan mako biyu.

Fitilun sola na tsakar gida da ke kama da kansu in duhu ya yi ba su dace da akurki ba. Sukan kwana a kunne, kajin su rasa barci, su kuma mace daidai asubar da ake buƙatarsu. Masu kamawa in an gitta sun fi muni, don duk motsin kaza sai su haska. Fitilar kananzir ko aci-balbal kuwa, don Allah ka hana. Akurki cike yake da ɓuntu ko diddigar katako, ga zana, ga iskar hunturu, kaza guda ta yi fiffike ta ture ta, ba akurkin kaɗai zai tafi ba. In kuɗi sun yi ƙaranci, fitilar caji ta hannu da ake shanya farantinta a rana, a rataye ta da asuba, ta fi duk waɗannan.

Abu biyu ƙanana da ke kashe sola a garinmu: ƙura da ɓera. Da hunturu a goge farantin da tsumma mai laushi duk kwana biyu ko uku. Wayar a zura ta cikin tiyo. Batirin a ajiye shi a inuwa, a wajen akurki, don zafi na rage masa kwana.

Sai dai ban yarda duhu kaɗai ya sauko da ƙwan nan daga 24 zuwa 15 ba. Kafin ka aika ko dala, ka kira Inna ita da kanta ka tambaye ta me kajin ke ci. Kazar turawa mai ƙwai tana cin kusan giram 110 zuwa 120 a rana na haɗaɗɗen abinci, ga kaji 30 wajen kilo uku da rabi ke nan kullum. In buhun ya yi tsada aka fara cakuɗa shi da dusa da tsaki zalla, ƙwai zai ragu ko da an kunna musu fitilar filin ƙwallo. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ka tambayi ruwa, ko yana yankewa da rana. Ka tambayi ɓawon ƙwan, in yana fashewa da sauƙi suna neman garin ƙashi ko na kwanson teku. Ka tambayi shekarunsu, domin kazar da ta shekara tana ƙwai dole ta ja baya. Sannan rigakafi: lokacin sanyi ne annobar Niyukasil ke share akurkai, kuma raguwar ƙwai na cikin alamunta na farko. In akwai mai tari, ko kore-koren zawo, ko mai murɗe wuya, a kira ma'aikacin dabbobi a ranar, maganar fitila ta jira.

Idan nan gaba aka ƙaro sagaru, kada a haɗa su da wannan hasken kafin su kai mako 17 ko 18. Wadda aka tura ta fara ƙwai jikinta bai ƙosa ba takan yi ƙanana, wani lokaci bayanta ya zazzago. 'Yan tsaki kuma ɗumi suke nema, wajen digiri 33 a makon farko, LED ba ya ba da shi. Nasu kaskon gawayi ne da aka kare da raga, a wurin da iska ke shiga.

Game da ƙanenka, kada ka yi saurin zarginsa. Mai yiwuwa abin da mai shago ya faɗa masa ya maimaita maka. Mai yiwuwa kuma babban farantin da yake so na gidan ne, don a samu fanka da cajin waya da fitilar ɗakin Inna, ya ga ta bakin kaji ne kawai za ka saurare shi. In haka ne buƙatar gaskiya ce, ku kira ta da sunanta ku yi mata nata lissafin daban. Na akurki kuwa ka rubuta masa kayan ɗaya bayan ɗaya, ya taya a shago biyu ko uku, ya turo maka hoto da farashi ta WhatsApp, ka aika daidai kuɗin, ka ɗora masa na mai da na wahala ba tare da ya roƙa ba. A ba wata jikar Inna littafi ta riƙa rubuta ƙwan kowace rana, ta ɗauki hotonsa ranar Juma'a. Kada ka sa ran canji a kwana uku. Ka ba shi mako uku zuwa huɗu bayan an kai 4:30, sannan ka rubuto mini da lambobin littafin da kuma sunan abincin da suke ci.