Tambayi Mai Gyaran Pampo: Ruwa ya daskare a tirelar kwana

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai haƙar foraj ne a nan Maradi. Na sayi tirelar kwana ta hannu, irin wadda ake kawowa daga Turai, mai gado da wurin wanka da tankin ruwa, don yaran aikina su daina kwana a fili. Bara cikin Janairu muna aiki wajen Iferwan, muka tashi da asuba robine ya ƙi ba da ruwa. Da hantsi sai ga ruwa yana malala ƙarƙashin gado, pampo ya tsage. Bana ma can za mu koma. Wani ya ce in zuba ruwan radiyata cikin tankin. Me ka gani?
— Mai karatu daga unguwar Ali Ɗan Sofo

AMSA: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Don Allah kada ruwan radiyata ya kusanci tankin nan. Abin da ke cikinsa, etilen gilikol, guba ne mai lalata ƙoda, ga shi da ɗan zaƙi, yaro ko akuya na iya sha ba su ankara ba. Akwai wani daban da ake yi domin tirelar kwana, da firofilen gilikol, galibi launinsa ruwan hoda. Shi ma ba a shansa, in an zuba sai an wanke layin ruwan sosai. Kai da za ka kwana cikin tirelar kuna wanka kuna girki, ba ka ma bukatarsa.

Mu ƴan Maradi ba mu saba da wannan ba. Hunturunmu yana fasa leɓe da dunduniya, amma ba ya daskarar da ruwa a randa. Arewa daban take. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, kuma tsaunin Bagzan da ke can yankin Agadas ya haura mita 2,000. Ga sararin sama tas babu gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana yakan fice cikin dare. Shi ya sa za ka yi gumi da azahar, kafin kiran assalatu kuma sanyi ya sauka har sifiri. In ruwa ya zama ƙanƙara yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙanƙarar ta toshe tiyo, ruwan da ya rage tsakaninta da robinen da ke rufe ya rasa mafita, sai ya fasa inda ya fi rauni: kan pampo, kofin tace ruwa, gwiwar haɗi, bawul ɗin masai. Ba ka ganin ɓarnar sai ta narke, kamar yadda ta faru da ku da hantsi.

Maganin da na fi amincewa da shi ba ya cin ko dala: ka fitar da ruwan layin kafin a kwanta. Tankin kansa ba shi ne abin tsoro ba a sanyin dare ɗaya, ruwa mai yawa yana daɗewa kafin ya daskare, muddin ba ka cika shi taf ba. Siraran tiyo su ke fara kamawa. Bayan isha'i a ɗebi ruwan alwala da na shayi a bido a ajiye ciki. A kashe pampo. A buɗe kowane robine, mai hannu ɗaya a tsayar da shi tsakiya don zafi da sanyi su buɗe tare. Kan shawa a sauke shi ƙasa ya tsiyaye, a danna ruwan masai har ya daina zuwa, a kwance kofin tacewa a zubar. Sai a ciro tiyon da ke shiga pampo a kunna shi ɗan lokaci kaɗan ya tofar da na cikinsa. In kana da kwamfuresa kana iya hura layin, amma kada ƙarfin iskar ya wuce bar 2 a ma'aunin kwamfuresar, kuma robine ɗaya a buɗe, in ba haka ba kai za ka fasa da hannunka.

Tukunyar ruwan zafi ita ce mai tsada, ita nake so ka fi kula da ita. Leƙa kusa da ita. In ta kamfanin Truma ce, mai yiwuwa ka ga ɗan bawul a daɓe wanda ke buɗe kansa ya zubar da ruwan in sanyi ya kai wajen digiri 3, kuma ba ya yarda ya rufu sai wurin ya ɗumama zuwa wajen digiri 7. An taɓa kawo mini wata tirela gareji, an ɗaure wannan bawul tam da waya da robar taya, wai yana yoyo. Lafiyarsa lau, aikinsa yake yi, ɗaurin ne ya sa tukunyar ta tsage ta gindi. Ka gaya wa yaranka kada su taɓa shi. Kuma in tukunyar ba ruwa, kada a kunna mata lantarki.

Idan sanyin ya shammace ku cikin dare, ku zagaye gindin tirelar da tamfol ko tabarmi a danne da duwatsu iska ta daina ratsawa, ku ciro duk tiyon da ke waje, ku buɗe ƙofofin kabad ɗin da bututu ke bi ta ciki, ɗumin ɗaki ya kai gare su. Amma kaskon gawayi kada ya kwana cikin tirela, ko na ɗan lokaci. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci, ɗakin kuwa ƙarami ne kuma a rufe.

In kuka wayi gari ya riga ya daskare, kada a kunna pampo, kada a kawo wuta. A bar robine a buɗe, a jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a naɗe wurin, a jira rana. Kafin ku bar Maradi ka sayi gwiwoyi da makaman tiyo daidai girman naka, da pampo na ajiya in da hali, don bayan Agadas samunsu sai an sha wuya. Allah ya kai ku lafiya.