Injin Corolla ya buga a hanyar Cadawa: in gyara ko in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum, maigida. Ina da Corolla ƙirar 2004 mai shan fetur, shekara 5 tana hannuna. Makon jiya ina dawowa daga Tasawa da rana tsaka, kafin Cadawa sai na ga allurar zafi ta hau. Na tsaya na zuba ruwa, na ce bari in lallaɓa in iso gida. Ban yi nisa ba ta fara farin hayaƙi, sai ƙara kwas-kwas daga ƙasa, ta mutu. Janyo ta aka yi. Bakanikena ya ce in kawo jika 350 (sefa dubu 350) ya sauke injin ya gyara. Wani ya ce gara in sayi injin Beljiyam a jika 600. Dillali kuma ya taya ta jika 900 yadda take. Miliyan 2 da rabi na saye ta. Me kake gani?

Daga wani malamin makaranta, unguwar Zariya, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da wannan asara, Allah ya mayar da alheri.

Ka yi haƙuri da abin da zan fara faɗa: lallaɓawar nan ita ta ƙarasa injin. Da ka kashe motar a wurin ka nemi a ja ta, mai yiwuwa da maganar tiyo ko famfon ruwa muke yi yanzu. Saman injin motarka, wanda mu nan muke ce wa kilas, abokan aikinmu na Katsina su ce top silinda, na alminiyam ne. In ya sha zafi fiye da ƙima sai ya lanƙwashe, gaskit ɗin da ke ƙarƙashinsa ya ƙone, ruwa ya samu hanyar shiga ɗakin wuta. Farin hayaƙin da ka gani ke nan. Daga nan ruwan ya gangara cikin baƙin mai, man ya daina riƙe ƙarfe, metal ɗin da ke tsakanin hannun fistin da karanshaf ya cinye. Ƙarar kwas-kwas ɗin daga can take fitowa. Je ka zaro sandar awon mai ka duba. In ka ga man ya koma launin shayi da madara, to labarin ke nan.

Yanzu ga jika 350 ɗin bakanikenka. Ban ce zai cuce ka ba, amma ka tambaye shi: ya buɗe injin kafin ya yanka kuɗin? In bai buɗe ba, ƙiyasi ne kawai, kuma ƙiyasin inji kullum sama yake tafiya. Ka biya shi ladan buɗewa shi kaɗai, ka tsaya a wurin da kanka. A sauke kaskon mai na ƙasa, ka sa yatsa cikin abin da ya kwanta. In ka ɗago ka ga ƙyalli-ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ne ya narke, kuma garin ya riga ya zaga ko'ina cikin injin. A cire kilas a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe na awo, a gwada zura ma'aunin tazara a ƙarƙashi. A irin wannan injin, lanƙwasar da kamfani ya yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, kusan kaurin gashin kai. A duba fuskar bulo, wato gangar jikin injin da kilas ke zaune a kai, ita ma haka, a duba bangon silinda ko fistin ya karce shi, a kuma duba karanshaf ko ya yi shuɗi.

Akwai abin da ya sa nake ɗari-ɗari da gyara a motarka musamman. Tsofaffin Carina E da Corolla na shekarun 1990 masu injin 4A, bulonsu baƙin ƙarfe ne. Ko ya buga, sai a kai shi wurin masu injin kankare ƙarfe, a faɗaɗa silinda, a sa fistin da ringi masu girma, ya koma aiki shekaru. Taka kuwa injinta ɗan gidan ZZ ne, bulon alminiyam da siririn ƙarfe a cikin silinda, babu naman da za a yi ta kankarewa. In zafi ya taɓa bulon kansa, wani lokaci har zaren da kusoshin kilas ke kamawa yakan saki, a ɗaure yau, bayan wata biyu gaskit ya sake ƙonewa. Na ga an yi wa irinsa aiki sau uku a rani ɗaya, gyaran gangar Auzinawa, kuɗin da mai ita ya kashe ya haura na wani injin. To in kilas kaɗai ya taɓu, ƙasa lafiya, a gyara, jika 350 ɗin ma ta yi yawa. In sama da ƙasa duk sun taɓu, kamar yadda bayaninka ya nuna, ni da motar tawa ce inji zan canza.

Sai dillali. Miliyan 2 da rabin nan ka cire shi daga ranka, ka riga ka more shi shekara 5. Lissafin da ke gabanka guda ne: nawa motar za ta yi in tana tafiya da ƙafarta, nawa za ta yi a mace, kuma nawa ne kuɗin tayar da ita. Ka zaga wurin masu sayar da motoci ka taya irin taka kamar mai saye, za ka ji farashin gaskiya. A ce ka ji miliyan 2. Tsakaninsa da jika 900 akwai miliyan 1 da jika 100. Injin jika 600 kuwa ba a jika 600 yake tsayawa ba, akwai ladan aiki, baƙin mai, matatar mai, filogi, lagireto, famfon ruwa, ƴan robobi da tiyo. Ni nakan ce wa mutane su ƙara kashi ɗaya bisa uku a kai. Ya zama jika 800. Ka ga ratar da ta rage, ita dillalin ya hango. Shi ma injin zai saya ya sa, ya wanke ta ya sayar. Mota a mace mai saye ne ke yanka mata kuɗi, don ya san ba ka da yadda za ka tuƙa ta zuwa wurin wani.

Kuma jika 900 me za ta saya maka yau? Da aka rufe iyakar Benin a 2023, motocin da muka saba samu ta Kwatano sai da suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, kowa ya ga yadda kuɗinsu ya tashi. Abin da za ka samu da wannan kuɗin wata tsohuwa ce da ba ka san abin da ta ɓoye ba, ka sayar da kare ka sayi biri. Taka ko ba komai ka san giyarta, ka san takardunta.

Akwai inda zan ce ka sayar ban ko waiwaya ba. In giyabos ma ya fara zamewa, ko shasi ya taɓa lanƙwashewa a haɗari, ko takardar duwan ba ta cika ba, kada ka zuba sabon inji a kan wannan. Haka in sai ka ci bashin da albashin wata shida ba zai biya ba. A nan ka nemi bakanike ko mai taksi da zai gyara wa kansa, yakan fi dillali sakin hannu, kuma ka faɗa masa aibinta duka, kamar yadda addini ya ce.

Abin da ba na so shi ne ka bar ta a gareji kana tunani. Akwai wata a wurina ƙarƙashin dogon yaro, mai ita ya ce in jira bayan Sallah, yanzu Sallah ta uku ke nan. Tayoyi sun tsattsage, ɓeraye sun cinye wayoyin bayan sitiyari, kaza ta yi ƙwai a kujerar baya, kayan injin da aka zuba a bokiti rabi sun bi ƙafa. Ƴan gwangwan ne kaɗai ke tambayarta yanzu.

In ka tsaya kan sayen inji, nan ne ake cinikin biri a sama. Ko a nan Maraɗi ka samu, ko an sayo maka a Ƙofar Ruwa ta Kano aka shigo da shi ta Jibiya da Ɗan Isa, ka je da bakanikenka, kada ka aika kuɗi kan hoton WhatsApp. 1ZZ da 3ZZ da 4ZZ kama suke yi da juna kamar ƴan gida ɗaya, amma na farko lita 1.8 ne, na biyu 1.6, na uku 1.4. Lambar tana buge a jikin bulo. A karanta ta taka, a karanta ta wanda za a saya, su zama ɗaya, don wayoyi da ƙwaƙwalwar mota su karɓe shi ba tare da ƙulle-ƙulle ba. A buɗe murfin mai a haska fitila: in ka ga baƙin kaki ya daskare kamar kwalta, mai shi na can ba ya juye a kan lokaci, ka wuce. Wannan yana da muhimmanci, don na farko-farkon gidan ZZ an san su da shan baƙin mai in ringi ya toshe. A ciro filogi huɗun a jera su, launinsu ya zo ɗaya. A auna matsin kowane silinda, kada ya gaza bar 10, kada kuma wani ya yi wa wani nisa. Injin da aka yi wa wanka da fenti yana ƙyalli, ni ya fi ba ni tsoro a kan mai ƙura. Ku yi sharaɗin kwanakin gwaji a gaban shaidu, a rubuta maka rasit da lambar injin a jiki, ka ajiye shi tare da takardun mota.

Sannan a nemo abin da ya jawo zafin tun farko, in ba haka ba sabon ma hanyar da tsohon ya bi zai bi. Lagireton motocinmu yawanci ruwan rijiya ne ya toshe shi da tsatsa da farar ƙasa, ga ƙurar hunturu ta liƙe masa fuska. A canza shi, a canza famfon ruwa da murfin lagireto, don murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa saurin tafasa. A tabbatar fanka tana tashi da kanta. Kada ka yarda a cire tamostat, abin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗauki zafi, a jefar da sunan wai ƙasarmu da zafi. In ya lalace a sa wani. Ruwan sanyaya inji na galan za ka riƙa zubawa, ko da ka ga tsadarsa.

Ranar da aka gama, kada ka fara da Tasawa. Ka je Tibiri ka dawo da azahar, idonka kan allura, da safe kuma kafin ka tayar ka duba ruwa da mai ko sun ragu. Ka yi haka mako guda, sannan a juye man farko da wuri, mu ga launin da zai fito da shi.